'Yan SS3 sun san labarin kaf amma sun kasa sharhi, ina mafita?

Malamar Adabi: Assalamu alaikum malamai. Don Allah shawara nake nema, abin nan ya ishe ni wlh. Ina koyar da adabin Turanci daga SS1 zuwa SS3 a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati, bana shekarata shida. Jiya na gama makin gwajin da na ba 'yan SS3, takarda 74, tambaya ɗaya tal, na ce su tattauna halin babbar tauraruwar littafin da muke karantawa, haƙuri ne da ita ko tsoro. In ka cire mutum biyar duk zama suka yi suka ba ni labari tun daga haihuwarta har shafin ƙarshe, wata ma sai da ta cika shafi uku, ko sunan maƙwabciya ba ta tsallake ba, amma babu layi ɗaya da ta ce ga abin da ita take gani. Abin da ya fi ƙona min rai, ita wannan mai shafi ukun in kun ji ta a bakin famfo tana yi wa ƙawayenta fashin baƙin fim ɗin da suka kalla, wa ya ci amanar wa, me ya sa, da me ya kamata uwar miji ta yi, sai ku rantse lauya ce. To ina kaifin nan yake zuwa in ta ɗauki biro?

Ɗan Bautar Ƙasa: Wa alaikumus salam Anti. Ni wata huɗu kawai na yi a aji amma kamar takardun yarana kika karanto. Ni nawa ma littafin ba su da shi, ɗan ƙaramin kifoyin ɗin nan na takaitawa suke haddacewa.

Tsohon Mai Maki: Malama sannu da ƙoƙari. Na yi shekaru ina makin wannan darasi kafin in ajiye aiki, kuma abin da kika faɗa shi ne ciwon da ya fi kashe yaranmu, rahoton manyan masu duba jarrabawa ma kusan kullum sai ya koka a kansa, wato ba da labari maimakon amsa tambaya, da kuma dogaro da takaitawa ba tare da karanta ainihin littafin ba. Bari in tuna wa sababbin shiga yadda abin yake a WAEC. Takarda uku ce. Ta farko canki-canka ce, tambaya 50, a ciki 20 kan wasan Shakespeare, sauran kan sanin adabi gaba ɗaya da wani zube da waƙa da yaro bai taɓa gani ba. Ta biyu zube ne, na Afirka da wanda ba na Afirka ba. Ta uku wasan kwaikwayo da waƙa, ita ce mai tsawo. To ta biyu da ta uku duk insha'i ne, kuma mai maki ba labari yake nema ba, shi ma ya karanta littafin, yana neman batu ne da aka ɗauko aka kafa masa hujja daga cikin littafi. Yaron da ya kawo batu uku ko huɗu ya warware su da kyau a shafi ɗaya da rabi ya fi mai shafi huɗu na labari, nesa ba kusa ba.

Malamar Adabi: Na gode Baba. Wlh ina faɗa musu haka har bakina ya gaji, su ce to Malama, gobe su sake kawo min labari.

Tsohon Mai Maki: Ai faɗa ba koyarwa ba ce 'yata. Kin taɓa tsayawa a gaban allo kin rubuta sakin layi ɗaya na sharhi a gabansu, kina tunani a bayyane, kina gogewa kina gyarawa suna kallo?

Malamar Adabi: Gsky a'a. Nakan kawo wanda na riga na rubuta a gida su kwafa.

Malamin Hausa: To ni bari in sa baki duk da ba fagena ba ne, amma yaran nan ai namu ne tare. Yarinyar da ta fito daga ajinki ta shigo nawa tana cire min jigon waƙa, ta yi warwarar jigo, ta nuna min zubi da tsari, ta ce ga kamantawa ga siffantawa ga mutuntarwa ga kambamar zulaƙi, kuma ta kawo baitin da ya nuna haka. Wannan hanyar nazarin da su marigayi Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo suka shimfiɗa a Jami'ar Bayero ita muke bi har yau. Abu ɗaya ne da naki sak, suna ne kawai ya bambanta. Amma ba wanda ya taɓa ce wa yarinyar nan abin da kika yi da ƙarfe tara a ajin Hausa shi ake nema a wurinki da sha ɗaya a ajin Turanci. A kanta ɗakuna biyu ne babu ƙofa a tsakani. Ni shawarata ki bar su su fara yin gardamar da Hausa, minti goma, su gwabza sosai, haƙuri ne ko tsoro, in batun ya nuna sai ki ce to a juye shi a Turanci.

Turanci Zalla: Nan fa ɗaya Malam. Da wannan tunanin muka kashe Turanci a Arewa. Yaro yana Hausa a gida, Hausa a hanya, Hausa a kasuwa, Hausa a waya, minti 40 ɗin da ya rage masa a duniya ya ji Turanci shi ma a ce a raba? Ni makarantar da nake ta kuɗi ce, mun hana banakula, wato yaren gida, kwata-kwata kuma muna ganin amfaninsa. Ranar jarrabawa da Hausa za ta rubuta?

Malamin Hausa: Wa ya ce da Hausa za ta rubuta ɗan'uwa? Karanta abin da na rubuta da kyau.

Turanci Zalla: Na karanta. Wanda ya saba tunani da Hausa yana fassarawa shi ne yake rubuta mana irin Turancin nan mai warin Hausa, ciki ya ɗuri ruwa a juye shi kalma da kalma mai maki ya riƙe kai.

Malamin Hausa: To yanzu da kuka hana, da wane harshe kake zaton take tunanin? Ka hana baki ne, ba ka hana kai ba. Ni gara a yi fassarar a fili inda malama za ta ji ta gyara, da a yi ta a ɓoye ranar jarrabawa.

Uwar Ɗaliba: Ku yi haƙuri ni ba malama ba ce, 'yata ce a SS2 kuma lauya take so ta zama, an ce mana in ba kiredit a litirecha ba maganar karatun lauya, JAMB ma sai ta rubuta shi. Yarinyar nan tana jin Turanci, tana hira da 'yan uwanta na Abuja ba gargada, amma sakamakonta na litirecha kullum a ƙasa. Ni abin da ban gane ba kenan, tunda tana jin yaren me ya hana?

Malamar Adabi: Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Lokacin da nake karatun digiri na biyu mun karanta aikin wani masani a Kanada, Jim Cummins, tun wajen 1979 ya raba abin gida biyu, akwai Turancin hira akwai Turancin karatu. Na hira yaro kan kama shi cikin kamar shekara biyu, amma na karatu, wanda ake kafa hujja da shi a rubuce, yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai, kuma fa wannan a kan yaran baƙin haure ne da ke zaune a ƙasar da Turanci ya kewaye su ko'ina. To ina ga namu da sai a aji suke jin sa. 'Yarki ba daƙiƙiya ba ce, na hirar take da shi. Ni kaina na san wannan a takarda amma ga shi na kasa aiki da shi a aji, abin kunya.

Ustaz: Salamu alaikum. Ina bin zancen tun ɗazu, ni fiƙihu da balaga nake koyarwa a islamiyya da yamma, kuma da yawa cikin yaran naku su ne nawa. Abin da Baba ya kira batu da hujja mu kullum shi muke yi. Ɗaliba ta ce abu kaza ya halatta, in ce mene ne dalilinki, ta kawo aya ko hadisi, in ce to ta wace fuska wannan dalilin ya nuna abin da kika ce, wato wajahul istidlali. Hawa uku kenan, da'awa, dalili, sai fuskar kafa hujja. Na ukun nan shi ne mai wuya, a nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace. Kuma duk yaron da ya taɓa jin an ce hujja tana kan mai da'awa ya san ba a shiga gaban alƙali da labari kawai. Haka adon magana irin su tashbihi da isti'ara da kinaya, 'yan aji na sama sun san su. Ku ara mana kalmominmu ba za mu ce ku biya ba.

Tsohon Mai Maki: Allah ya gafarta Malam, wallahi da na san wannan shekara talatin da suka wuce da na huta da surutu. Sakin layin sharhi kenan ka zayyana gaba ɗaya.

Ɗan Bautar Ƙasa: Ustaz ka gama magana. Amma a aikace ya ake yi? Ni yara 90 ne a gabana, wasu a taga suke zama.

Malamin Hausa: Ƙanina kar ka fara da littafin manhaja, fara da abin da ba mai jin tsoronsa. Ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki, wadda suka ara masa fuka-fukai ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi, duk wanda suka nufa ya ce shi ya riga gani, har suka ƙule suka ƙwace gashinsu suka bar shi a kan bishiya. Kowa ya san ta, don haka ba wanda zai ɓata lokaci yana ba ka labarin, in ma ya fara 'yan aji ne za su ce mun sani. Sai ka jefa tambaya, Gizo wayo gare shi ko wauta? Raba allo gida uku, da'awa, dalili, bayani. Wani ya ce wauta ce, ka rubuta. Dalili? Ya hana waɗanda suka kawo shi cin ko ɗaya. To ta yaya wannan ya zama wauta ba mugunta kawai ba? A nan za ka ji aji ya yi tsit, sai can wani ya ce saboda ya manta cewa fuka-fukan da zai koma gida da su ba nasa ba ne. Shi kenan, wannan jimlar ita ce sharhi. Ka sa a tafa masa, sannan ku juye gida ukun nan a Turanci tare a kan allo. Sati mai zuwa ka yi haka da babi ɗaya na littafinku.

Turanci Zalla: Tatsuniya a SS3, saura wata nawa jarrabawa? Silabus ɗin fa? Littattafan zube, wasanni, waƙoƙi goma sha biyu, ga Shakespeare da ya mutu tun 1616 wanda Turancinsa ko Bature sai an yi masa bayani. Ku kuna da lokaci.

Malamar Adabi: Malam gaskiyarka a nan, lokaci ba ya isa, feriyod uku nake da shi a sati. Amma ni na gama silabus bara tsaf, na yi alfahari da hakan ma, da sakamako ya fito na ga F9 ɗin da ban taɓa gani ba. To gamawar me ta amfana min?

Mushe na Maraɗi: Gaisuwa ga malamai na Najeriya. Mu nan wajenmu da Faransanci yara ke hawan wannan dutsen, Turanci sai sun shiga kwaleji ake soma shi. A lise, wato babbar sakandare, kafin su kama bak, jarrabawar fita, sai sun iya disertasiyon, insha'in kafa hujja, kuma abin da na gani mu muna koya ma yaro ƙashin rubutun ƙarara, gabatarwa, matsalar da za a warware, sassa, kammalawa, har kalmomin haɗi muna ba su jeri su hardace. Aibinsa wani lokaci rubutun ya fito kamar an buga da inji, kowa iri ɗaya, amma dai yaro ba ya tsayawa yana kallon takarda. Zancen hana yare kuwa Malam Turanci Zalla, mu mun sha shi tun zamanin sambol, abin da ake rataya ma yaro a wuya in ya yi Hausa a lakkwal, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa ma. Iyayenmu sun ba mu labari. Abin da ya koya ma yara shi ne yin shiru.

Turanci Zalla: Mushe ni ban rataya wa kowa komai ba, tara ce ta naira hamsin kawai. Kuma ku duba, gwamnatin tarayya da kanta da ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022 ai ta janye a 2025 ta koma Turanci.

Malamin Hausa: Ta janye, amma wannan maganar harshen koyarwa ce a firamare, kuma ko a nan ɗin gwajin da su Farfesa Babs Fafunwa suka fara a Ife a 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, bai nuna Turancinsu ya lalace ba. Mu nan zancen minti goma muke a ajin 'yan shekara 17.

Admin: Malamai a bar siyasar harshe haka, an yi ta a wancan watan har mutum biyu suka fita. A koma kan tambayar Malama.

Tsohon Mai Maki: To bari in ba kowa haƙƙinsa. Malam Turanci Zalla yana da gaskiya a abu ɗaya da kuke tsallakewa, in yarinya ta gama gardama da Hausa ta zo juyewa ba ta da kayan aikin, nan za ta tsaya. Kamar ka ba tela yadi ne ba zare. Sharhi a Turanci yana da 'yan kalmominsa da ba sa fitowa a hira, "suggests", "reveals", "portrays", "this shows that", "however". Ba su kai talatin ba waɗanda ɗan sakandare yake buƙata. A rubuta su a kwali a manna a bango, kowane sakin layi sai an yi amfani da biyu. Sannan kalmomin tambaya, yara da yawa ba su san bambancin "narrate" da "discuss" da "examine" ba, duk a kunnensu ba ni labari ne. Ki kwaso fas kwescin na shekara biyar, kar su amsa ko ɗaya, su ja layi kawai a ƙarƙashin kalmar da ke ba da umarni su faɗi me ake so. Wani abu kuma, sharhin adabi da lokacin yanzu ake rubuta shi, kamar abin yana faruwa, yaranmu kuwa da sun shiga lokacin da ya wuce sai labari ya ja su kamar ruwa. Ki hana su fara jimla da "then" ko "after that" ki ga yadda rabin labarin zai mutu da kansa.

Malamar Adabi: Baba wannan na ƙarshen ban taɓa lura da shi ba wlh, yanzu na jawo takardun na duba, mai shafi ukun nan "then" goma sha ɗaya na ƙirga.

Ɗan Bautar Ƙasa: To maki fa? In na ba 90 insha'i duk sati ai sai in kwana a kai.

Tsohon Mai Maki: Wa ya aike ka insha'i? Sakin layi ɗaya, jimla biyar zuwa shida. Su yi musanya da na kusa da su, kowa ya sa lamba 1 a da'awa, 2 a dalili, 3 a bayani. Wanda aka rasa inda za a sa masa 3 ya san abin da ya rage masa ba sai ka faɗa ba. Kai ka ɗauki goma sha biyar kawai ka duba, wani satin wasu. Kuma don Allah ka ajiye jan biron nan a kan kowane kuskuren nahawu, yaro ya yi tunani mai kyau ka mayar masa da takarda kamar an yanka kaza a kai, gobe ba zai sake gwadawa ba, zai koma kwafar kifoyin inda ba kuskure. Zaɓi kuskure iri ɗaya a sati.

Turanci Zalla: Nan kuma ban yarda ba Baba, da girmanka. Kuskuren da aka bari shi yake zama ɗabi'a.

Tsohon Mai Maki: Ba bari na ce ba, layi na ce su bi.

Uwar Ɗaliba: Ni a gida me zan yi mata? Turancina bai taka kara ya karya ba.

Ustaz: Hajiya ki sa ta ba ki labarin babin da Hausa, in ta gama ki ce wa ya fi laifi a ciki, duk wanda ta ambata ki ƙi yarda, ki ce kawo dalili. Iyaye mata ai kun fi mu iya wannan.

Uwar Ɗaliba: Hhhh Allah ya shirye ka Ustaz. Amma zan gwada. Littafin ma sai na saya mata nata, su huɗu suke karɓa-karɓa da guda ɗaya.

Malamar Adabi: Salam, na dawo da rahoto bayan sati biyu. Na yi Gizo ranar Talata, ajin ya kusa tsagewa, har mataimakin shugaba ya leƙo ta taga ya ji Hausa na tashi ya tsaya yana kallona, na nuna masa allo ya karanta gida ukun ya wuce bai ce komai ba, ban san ko zai kira ni ofis ba. Wadda ta ba ni mamaki wata ce da ke zama can baya, tun SS1 ban taɓa jin muryarta ba, ita ta ce Gizo ba wawa ba ne, yunwa ce ta daɗe tana cinsa shi ya sa ya kasa yarda cewa gobe ma za a samu, aji ya yi ca a kanta ta tsaya a kan bakanta. Da muka koma littafinmu na sake ba su tambayar haƙuri ko tsoro, sakin layi ɗaya. Cikin 71 da suka zo, 26 sun kawo hawa ukun, wajen 30 sun kawo da'awa da dalili suka maƙale a bayani, "this shows that" sai su maimaita da'awar da suka fara da ita kalma da kalma, sauran kuma labari dai, ciki har da mai shafi uku, sai dai wannan karon shafi ɗaya ta yi. Turancin kuwa Malam Turanci Zalla ba zan ɓoye maka ba, wasu jimlolin Hausa ce sanye da kwat, ita ta bayan nan ma da ta fi kowa tunani ita ta fi kowa karya nahawu, na rasa makin da zan ba ta.

Turanci Zalla: Ba na faɗa ba. Turo hoton takardar tata mu gani, ki rufe sunan.

Tsohon Mai Maki: Turo har da ta mai shafi ɗayan. Masu maimaita da'awar nan kuma ki hana su "this shows that" na sati ɗaya, ki ba su "because" kawai, ki ga abin da zai fito.

Malamar Adabi: To Baba. Takardun suna makaranta a loka, gobe in na shiga zan ɗauko, yanzu cajina saura 4 kuma ba wuta tun shekaranjiya.